Kamfas ɗin Masu Binciken Ma'adinai

 Duk wanda ya taɓa ganin mai binciken ma'adinai a daji ya lura da wani ɗan akwati rataye a ɗamararsa, wanda bai fi cikin tafin hannu ba. Shi ne kamfas. Wanda ya fi shahara shi ne na David Brunton, wani injiniyan haƙar ma'adinai da ya yi rajistarsa a Amurka cikin 1894. Ya bambanta da kamfas ɗin matafiya, domin ban da allurar da ke nuna arewa, yana da madubi, da ƙwayar ruwa mai nuna daidaito, da ma'aunin karkata.

Duwatsu da yawa shimfiɗe suke hawa-hawa, kamar tabarmi da aka jibge, sa'an nan motsin ƙasa ya jirkice su. Abu biyu ake nema a jikinsu: inda shimfiɗar ta miƙa, da yadda ta karkata ta nutse. In aka zuba ruwa a kan falalen dutse, inda ya gangara nan ne karkatar, layin da ya gitta shi a daidaice kuwa shi ne miƙar. Kalmomin nan biyu na gida sun wadatar, babu dalilin aro.

To, ina amfanin wannan? A ɗauka an ga jijiyar gawayi ta ɓullo a gefen tudu, irin wadda aka gano a Udi, kusa da Inugu, cikin 1909. In ta karkata digiri 20, wanda ya matsa mita 100 ta wajen da ta nutse, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, zai same ta a zurfin mita 36. In kuwa digiri 30 ne, sai ya haƙa mita 58. Watau kuskuren digiri 10 ya jawo ƙarin haƙar mita 22, da kuɗin lebura, da famfon janye ruwa, waɗanda ba su cikin kasafi. Ma'aikacin da ke sa hannu a kan fayil, ƴan lambobin nan yake sa wa hannu, ko ya sani ko bai sani ba.

Sabon ɗalibi yakan ce an yi kuskure a fuskar kamfas ɗin Brunton, domin gabas tana hagu, yamma tana dama. Da gangan ne. Akwatin ne ke juyawa, allura tana tsaye, don haka aka musanya su, a karanta kai tsaye.

Babban tarko kuwa shi ne, allura ba ta nuna arewar taswira, arewar maganaɗisu take bi, ita kuma ba ta zama wuri ɗaya. James Clark Ross ya same ta a arewacin Kanada cikin 1831, yanzu ta yi nisa ta nufi Sabiriya. Saboda haka awon da aka yi da kamfas a filayen kuza na Jos zamanin Turawa ba a ɗaukarsa yadda yake, sai an duba shekararsa an gyara. Kuskuren digiri 1 kacal, a tafiyar kilomita 1, yana kautar da iyaka mita 17, abin da ya isa a kai maƙwabta biyu gaban alƙali.

Har ila yau ƙarfe yana ruɗa allura. Guduma, da mota, har da tama da ke ƙarƙashin ƙasa, kamar ta Itakpe a Jihar Kogi, duk suna janta. Shi ya sa gwani yakan ajiye gudumarsa nesa, ya auna daga nan zuwa can, sa'an nan ya je can ya auno baya. In bambancin awon biyu bai zama digiri 180 ba, sai ya sake.