Famfon Zuciya da Haɗarin Daskarewar Jini



Idan zuciya ta gaji har ta kasa tura jini, likitoci a ƙasashe irin su Amurka da Jamus kan dasa wa mutum ɗan famfo mai batir a ƙirji, ya riƙa tura jinin, ita kuma ta huta. Wasu, musamman matasa da masu jego, zuciyarsu kan farfaɗo har a cire famfon, amma 'yan kaɗan ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Jini in yana gogar ƙarfe yakan daskare. Gudan jini ya toshe famfon, ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka daina sayar da famfon HVAD a 2021. Mai famfo dole ya lizimci maganin warfarin da gwajin jini a kai a kai.

Za ku ce ina ruwanmu? Ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a Arewa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya ke bincike a kansa. Zuciyar da ta raunana, ko babu famfo, takan tara gudan jini.

Saboda haka, jama'a, in mai jego ta kumbura ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce wahalar haihuwa ce a ƙara mata kunun kanwa. A garzaya da ita LASUTH nan Ikeja. In an soma magani da wuri, zuciya kan murmure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu lafiya.