Yaro da Babur a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ranar kasuwa za ka ga yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba ya goyo mutum biyu a babur. Dokar Najeriya kuwa ba ta ba da lasisin tuƙi sai an cika shekara 18. Kafin nan ma sai an shiga makarantar tuƙin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, an karɓi takardar izinin koyo, jami'an duba ababen hawa na VIO sun gwada mutum.

Mun san talauci da rashin tsaro ne suka tura marayu da yawa acaɓa. Amma karayar ƙashi ba ta duba dalili. Iyaye, ku riƙe makullin. Gwamnati kuma ta kawo makarantun tuƙi kusa da mu.