Tulun Man Gwauruwa da Kuɗin Ciniki

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

Maganarmu ta yau ta shafi mai tebur, da mai tuyan ƙosai, da tela, da mai injin niƙa.

A nassin da muka karanta, wani mai tsoron Allah daga ƙungiyar annabawa ya rasu ya bar bashi. Mai bin bashin yana shirin kwashe 'ya'yansa maza biyu su zama bayi. Matar ta kai kuka wurin Elisha. Abin da annabin ya fara yi shi ne ya tambaye ta abin da ya rage mata a gida. Ɗan tulun mai ne kawai. Ta aro tandaye daga maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa har suka cika duka.

Ku lura da kyau. Allah ya ba da man, amma annabin ya tsara mata yadda kuɗin zai bi: ta sayar, ta sallami mai bin bashi, sa'an nan ita da yaran su rayu da abin da ya saura. Cin abinci ne ya zo ƙarshe.

Ga misali. Wata 'yar'uwa ta karɓi jarkar manja bashi a kan naira 40,000, za ta biya ranar kasuwa mai zuwa. Ta biya kuɗin mota 1,000. Ta sayar kwalba-kwalba, ciniki ya kai 46,000. A lissafi ribarta 5,000 ce. Amma manjan 10,000 yana hannun waɗanda suka ce sai ƙarshen wata. Abin da ke ɗaure a bakin zanenta 35,000 ne. Ranar kasuwa ta zo, 5,000 ta kasa. Ta ci riba, duk da haka ta ji kunya, mai kaya kuma ba zai sāke yarda da ita ba. Haka sana'a take mutuwa alhali ana ciniki.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, ki san abin da kike da shi. Ki sayi littafi, ki rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da wanda kike bi. In ba ki iya rubutu ba, yaronki ɗan makaranta ya taimake ki kowace yamma.

Na biyu, ki raba uwar kuɗi da riba. Uwar kuɗi kamar iri ce, manomi ba ya dafa irinsa. Zakka, da cefane, da zubin adashe, daga riba za su fito. Maigida, kada ka sa hannu a jarin matarka kana cewa aro ne.

Na uku, ku tuna da Yusufu a Farawa 41, wanda ya sa aka tara kashi ɗaya cikin biyar a shekaru bakwai na ƙoshi. Cinikin Kirsimeti ba ya daɗewa. A Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, a Satumba kuɗin makaranta yana jira.

Kai kuma ɗan'uwa da ka karɓi kaya bashi wurin 'yar'uwa a ikilisiya, ka karanta Karin Magana 3:27-28. In kuɗin yana hannunka, kada ka ce mata gobe. Ka biya ta kafin ku haɗu a sujada ran Lahadi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka sa albarka a ɗan tulun da ke hannunmu. Ka ba mu hikimar lissafi da amincin biyan bashi, domin kada a zagi sunanka a kasuwa saboda mu. Cikin sunan Yesu, amin.