Jinjiri Amana Ne: Ga Wa Za Mu Danƙa Shi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, wata malamar makaranta ta aiko mana da tambaya: hutunta na haihuwa, mako 14, ya ƙare, kakar yaron tana ƙauye, albashi kuma bai isa kuɗin gidan raino ba. Wa za ta bar wa jinjirinta?

Bayar da raino ba laifi ba ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, Halimatus Sa'adiyya ce ta raine shi. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta halatta a nema wa jinjiri mai shayarwa, muddin an biya ta abin da aka yi alkawari, ta kuma ɗora nauyin ci da sutura a kan uba. Saboda haka ladan raino yana wuyanka, ya kai maigida. Kada ka bar wa matarka ita kaɗai.

Inda muke kuskure shi ne wajen neman araha. Mukan ɗauko yarinya ƴar shekara tara daga ƙauye, mu raba ta da karatu, mu ɗaura mata goyo, mu haɗa mata da wanke-wanke da ɗiban ruwa, a cikin zafin nan, wataƙila ma tana gwada azumi. Ita kanta raino take bukata. Mun ci amana biyu ke nan: ta ɗanmu da ta ɗiyar mutane. Araha ba ta ado, ƴan'uwa.

To, mece ce mafita? Kamar yadda mata suke adashi, gida uku ko huɗu na unguwa su haɗa kuɗi su ɗauki dattijuwa wadda liman da maƙwabta suka shaidi halinta. A yanka mata lada, a biya ta kan lokaci. A dubi tsabtar hannunta da randarta da gidan sauronta. A sanar da ita cewa kafin wata 6 nonon uwa kaɗai ake ba jinjiri, ko ruwa ba a haɗa masa. Uwa ta tatsa ta bar mata a mazubi mai tsabta.

Sannan mu riƙa leƙawa. Ibrahimu, ɗan Manzon Allah, a gidan wani maƙeri aka shayar da shi, can gefen Madina. Annabi da kansa yakan taka ya je, gida cike da hayaƙin maƙera, ya ɗauke shi ya sumbace shi. Wane uba ne cikinmu ya fi shi hidima, har zai ce ba shi da lokaci?

Allah ya raya mana zuri'a bisa imani, ya ba mu ikon riƙon amana, ya karɓi azuminmu. Amin.