Amya Mara Nauyi: Yadda Ake Haɗa Akwatin Zuma da Farin Soso

 

Mun san da yawa daga cikinku masu zuma ne tun a gida. Waɗanda suka zo nan jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019, wasunku sun bar amyoyinsu rataye a kan gawo da ɗorawa. Ba mu zo koya muku zuma ba. Mun zo ne da wata dabarar akwati wadda ta dace da zaman da muke ciki, inda katako ke da tsada, inuwa ta yi ƙaranci, kuma kowa na son abin da zai iya ɗauka a ka ranar da aka ce a tashi.

Sirrin akwatin shi ne farin soson nan mai tauri da ake naɗe firiji ko talabijin da shi a cikin kwali, wanda kuma ake yin kular ƙanƙara da shi. Ba soson katifa muke nufi ba, shi wannan ruwa yake sha. Farin soso kusan dukkansa iska ne, shi ya sa ba shi da nauyi, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri. A ƙasashen sanyi kamar Finlan da Jamus an daɗe ana yin amya da shi don kare ƙudan zuma daga ƙanƙara. Mu zafi ne matsalarmu. Ƙudan zuma suna riƙe ɗakin 'ya'yansu a wajen digiri 35. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafinmu yakan wuce 40. Sai su bar neman fure su koma ɗibar ruwa da fifita. Idan abin ya yi yawa saƙa ta yi laushi ta faɗi, su kuma su watse su bar amya.

Amma ku riƙe wannan da kyau: soso shi kaɗai ba amya ba ne. Ƙudan zuma suna gwaguyar sa, cinnaka da tururuwa suna gida a ciki, kaji suna tsattsage shi, rana kuma tana marmashe shi. Dole a rufe shi ciki da waje.

Ga yadda ake haɗawa.

Na farko, a yi akwati da siririn filawud, mai siffar kwalekwale, sama faɗi ƙasa matsattse. Tsawo santimita 90, faɗin sama wajen 44, na ƙasa wajen 20, zurfi wajen 28.

Na biyu, a yanka soso mai kaurin santimita 3 zuwa 4 da wuƙa mai kaifi, a manna shi a bayan filawud ɗin da farin gam na kafintoci. Kada a yi amfani da gam ɗin masu gyaran takalma, ko fenti mai mai, ko fetur, domin suna narkar da soso.

Na uku, a rufe waje da tabarma, zana, ko wani filawud ɗin, a ɗaure tam.

Na huɗu, a jera sanduna a sama, kowace faɗinta santimita 3.2 cif. Wannan awon na ƙudan zumarmu na Afirka ne. In an kuskure shi, za su haɗe saƙa biyu wuri ɗaya, ɗiba ta yi wuya. Sanduna 28 ne ke cika akwatin. A shafa kakin zuma a tsakiyar kowace sanda don ya jawo su.

Na biyar, a huda 'yan ƙofofi a gefe ɗaya, kowace kada ta wuce santimita 1.

Na shida, murfi. Wanda sosonsa bai da yawa, ya sa shi duka a murfi, don ta sama rana ke bugu.

Rashin nauyin nan yana da nasa illar: iskar farkon damina za ta kifar da akwatin. A ɗora dutse ko a ɗaure da igiya. A kafa shi a inuwa, tsayin ƙugu, ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda tururuwa. A ajiye kaskon ruwa kusa, da 'yan karare a ciki don kada su nutse, kuma don kada su dami mata a bakin famfo.

Sai gargaɗi uku. Soso yana kama wuta nan take, hayaƙinsa baƙi ne mai guba. Kada a kai masa bakin wuta lokacin ɗiba, kada kuma a hura murhu da ragowarsa. Kada a tsinci soson da aka zubar a bayan asibiti, ko wanda ya taɓa maganin ƙwari. Sannan kada a kafa amya kusa da gidaje, makaranta ko hanyar dabbobi. A fara sanar da kwamitin sansani, a kuma nemi yardar mai gona. Mu baƙi ne, zaman lafiya da masu masaukinmu ya fi kwalbar zuma.

Ranar ɗiba, a ɗauki saƙar da aka toshe bakinta da kaki, a bar mai 'ya'ya, a bar musu abin ci. Iyaye mata, a kiyaye: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Shawararmu ita ce gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su yi akwati ɗaya tukuna, a ga yadda zai ƙetare bazara kafin a ƙara. Tsofaffin masu zuma, ku ja matasa a jiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya mai da mu gidajenmu lafiya.