MOTA MAI TARI DA MUTUWA A DAJI: A FARA DA TANKI

(Jawabin da ɗan'uwanmu tsohon makanike ya yi a taron ƙungiya. Mun buga shi don a karanta wa dattawan gida da direbobi.)

Shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, da sauran ƴan'uwa mutanen Tenhiya mazauna birni, ina gaishe ku da zuwa. An ce in yi magana a kan tsofaffin motocin nan masu shiga dajinmu, abin da ke sa su tari, su riƙa fizga, su mutu a hanya. Da yawa cikinku kun haɗa kuɗi kun saya wa gida irinsu, kuma ku ake aiko wa neman kuɗin gyara.

Tsakanin Damagaram da Tanut babbar hanya ce, in mota ta mutu wani zai zo wucewa. Amma in aka bar ta aka nufi Tenhiya, ko aka yanka ta Tarka zuwa Belbeji, sai rairayi da ƙarangiya. Ku ɗauka mai naƙuda ce a bayan mota za a kai ta likita, cikin bazara, ga ruwan sha bido ɗaya. Shi ya sa maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe lakile ba.

Abin da na fi gani shi ne wannan. Da mota ta yi tari, sai yaron mota ya ɗauko turnabis ya nufi karbirato, ya murɗa nan ya murɗa can. In an zo gari a ce wa mai mota karbirato ya ƙare, a aiko da kuɗin sabo. Alhali yawanci lafiyarsa lau. Inji abu uku yake so: mai, iska, da wuta. A bi su ɗaya bayan ɗaya, karbirato shi ne na ƙarshe.

Mu fara da mai, don a nan yawan ciwon yake. Tun 2011 matatar SORAZ take aiki a ƙasar Damargu, kan hanyar Tanut. To amma kafin isansi ya kai ƙauye, ya shiga tano, daga tano ya shiga bido, daga bido ya shiga kwalba. Kowane ya ba shi nasa rabon: tsatsa, rairayi, ruwa. Wani mai saidawa har kananzir yake ƙarawa, Allah ya shirye shi. Ku zuba man a farar kwalba ku ajiye ɗan lokaci. In da ruwa, za ku gan shi kwance a ƙasa, don ya fi mai nauyi. Haka yake kwanciya a gindin tanki. Mota tana tsaye a gari tana aiki sumul, da ta hau tudu ta girgiza sai famfo ya ja ruwan, ta yi tari ta mutu.

Turawan da suka ƙera Landiroba sun san wannan. Irin da aka yi daga 1971 zuwa 1985, mai inji lita 2 da kwata, akwai ɗan kofin gilashi a jikin famfon mai. Ba ado ba ne. Ana leƙawa a ga ruwa da dauɗa, a kwance shi a zubar, a mayar da robarsa daidai, don in ta yi yoyo iska za ta shiga. Kuma kada a zuba mai a tanki sai an tace da ƙyalle mai tsabta.

Ga wani da ke ba mutane mamaki. Murfin tanki yana da ƴar ƙofar shan iska. In murfin ya ɓata, direba sai ya ɗaure bakin da leda da roba. Mota ta yi tafiya kaɗan ta mutu, a huta ta tashi, ta sake mutuwa, har a fara zancen sammu. Buɗe bakin tankin. In ka ji ya ja iska fuu, ka gano ɓarawon.

Sai zafi. Cikin bazara, ana jan rairayi da ƙaramar giya, isansi yakan tafasa cikin tiyo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Alamarsa, da safe lafiya, da azahar mutuwa. A buɗe murfin inji ya fuskanci iska, a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon mai, a jira. A duba gaban radiyata kuma: bayan damina ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa sukan toshe shi kamar an shafa taɓo.

Iska ba ta da dogon zance. In hayaƙi ya yi baƙi, mota na shan mai ba ƙarfi, matacin iska ya cika da ƙura. Na Landiroba mai baƙin mai ne a ƙasansa, a wanke a sake mai. Na takarda a kaɗe. Amma don Allah kada a cire shi gaba ɗaya wai mota ta shaƙi iska. Ƙurar hunturu takan cinye inji kamar an zuba masa yashi da gangan.

In mai yana zuwa, iska tana shiga, sai a koma wuta. Cire wayar buji ɗaya, ka riƙe da busasshen tsumma kusa da ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙara. Ja mai rauni ba ta kai ba. A buɗe delko a share ƙura. Ƴan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa a ciki, tazararsu a Landiroba wajen 0,4 na milimita ce. In babu ma'auni, kwalin taba ya kusa. In an cire wayoyi, a mayar da su bisa jerinsu: 1-3-4-2 ga Landiroba mai buji huɗu, 1-5-3-6-2-4 ga tsohuwar Toyota Land Cruiser mai shida. Bobin da ta tsufa ita ma takan daina ba da wuta in ta yi zafi, ta dawo in ta huce. Kafin a zargi mai da tafasa, a gwada wutar nan take, tun injin yana da zafi.

Masu motar gazuwal, ku ba ruwanku da buji. Naku ruwa ne da iska cikin tiyo. A Land Cruiser mai inji 1HZ, wanda aka fara yi a 1990, ana zubar da ruwa ta ƙasan matacin mai, a danna ɗan famfon hannu na samansa har ya yi tauri.

In an bi duk waɗannan ba a dace ba, to sannan a taɓa karbirato, kuma a kan shimfiɗaɗɗen zane, don in ƙaramin ƙarfe ya faɗa rairayi ya tafi ke nan. A hura ƙofofinsa da iska, kada a tsokane su da waya.

Shugaba, ina da roƙo ga kwamiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk motar da muka sa wa hannu, a saya mata akwati a kulle: matacin mai biyu, buji, ƙarafan delko da kondansatarsa, bobin ɗaya, tiyo mita biyu, bel, da farar kwalba. Dattawan gida kuma, ku ne kuke ganin tashin mota. Kada ku bari ta tashi da mara lafiya sai kun ga ruwan sha da idonku, direba ya faɗa muku hanyar da zai bi da lokacin da zai isa. In ta mutu a daji, jama'a su zauna inuwarta, kada kowa ya tafi neman rijiya da ƙafa da tsakar rana.

Mai tambaya ya yi, na zo da tsohon famfo da delko a jaka don in nuna muku.