Sayen Ɗaki A Kakuri Ta Hanyar Gama Kai

Yau maganarmu a kan muhalli take. Kusan kowane gida a ƙauyukan nan akwai wanda ya tafi Kaduna neman abinci, yana can yana biyan haya. Ku kasa kunne, don ku kai musu labari.

In mutum ya haye gadar kogin Kaduna ya yi kudu, zai tarar da tashar jirgin ƙasa, da Makera, da Kakuri, da Barnawa. Tsofaffin unguwanni ne na ma'aikata. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu suka biyo baya. Mutane suka yi ta kwararowa, aka gina gidajen haya, ɗakuna jere, rijiya ɗaya. A 2002 masaƙar nan ta farko ta tsaya. Wanda ya shekara talatin yana haya ya wayi gari ba albashi, ɗakin kuma na wani.

To, talaka shi kaɗai ba ya iya sayen gida a Kakuri. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya, ashirin sa iya. Wannan shi ne gama kai. Kun san adashi. Bambancinsu shi ne, ƙungiyar gama kai tana da rajista wajen gwamnati, tana da shugaba da magatakarda da ma'aji, tana da littafi, kuɗinta kuma a banki suke kwana, ba ƙarƙashin katifar ma'aji ba.

Mu yi lissafi. Mutum 20, kowa ya zuba naira 10,000 a wata. Nawa ke nan? Naira 200,000. A shekara kuwa 2,400,000. In an jure, sai ƙungiya ta sayi tsohon gida mai ɗakuna da yawa, ta gyara, ta raba wa 'ya'yanta, kowa ya ci gaba da biya kaɗan kaɗan har ya gama.

Ga wurin da muke so ku buɗe ido. Gidan na ƙungiya ne, sunanta ke kan takarda. Abin da kai ka mallaka shi ne rabonka a ciki, da ikon zama a ɗakinka. Ba ka sayar da shi ga wanda ka ga dama sai ƙungiya ta yarda. Saboda haka tun kafin ka zuba ko kwabo, ka ce a ba ka dokokin ƙungiya ka karanta da kanka. In ka fita, me za a mayar maka? In ka kasa biyan wata uku fa? In ka rasu, 'ya'yanka za su gaji ɗakin? In ba a rubuta ba, kada ka yarda da "ai mu 'yan uwa ne". Ranar rigima ba a kiran wannan magana shaida.

Tsohon gida kuma yana da nasa hali. Da yawa na gado ne. Ɗa guda ya kawo dillali ya karɓi kuɗi, bayan shekara sauran magada su taso. Sai kowane magaji ya sa hannu, gaban mai unguwa da shaidu. Tun dokar ƙasa ta 1978, filin birni amana ne a hannun Gwamna, cinikinsa ba ya cika sai da yardarsa. A je ofishin filaye, wato KADGIS, a bincika sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da gidan. Mu dai shawararmu, a je duba gida da damina, musamman na kusa da kogi. Da rani kowane gida lafiyayye ne.

Duk kuɗin da ka zuba, ka karɓi rasit, ka duba kwanan wata, da adadi, da sa hannun ma'aji. Wanda ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba, bai san ko ɗaki ya saya ko bashi ya ɗauka ba.

Mako mai zuwa kowa ya zo da fensir da littafinsa. Malaminku zai zana rasit a allo, ku kwafa, kowa ya cika nasa ya sa hannu.